Mai Duwatsu da Iyayen Gidanta Biyu

A masana'antar kwalabe ba wanda ya damu da sunanta na gaskiya. Mai Duwatsu suke kiranta, tun daga maigadi har manaja, saboda tun ranar da ta fara zuwa ba a taɓa ganinta ba sai da dutse a hannu, ko a aljihun rigar aiki, ko a cikin hular kwanon da ya kamata a ce tana kanta.

Digirin digirgir take yi a fannin fiziks da injiniyancin makamashi, irin wanda jami'a da kamfani suke haɗa hannu a kai: kamfani ya ba da wuri da kayan gwaji, jami'a ta ba da digiri, ɗalibi kuma ya ba da barcinsa da lafiyarsa. Aikin nata ba shi da wuyar faɗa. Tanderun da ake narka gilas a cikinsa yana zubar da zafi ta bututun hayaƙi ba dare ba rana, zafin ya tafi sama a banza. Ita kuma so take a kama zafin nan a tura shi cikin wani dogon tanki cike da duwatsu, duwatsun su riƙe shi, in an buƙata a hura iska ta ciki a karɓo shi. Mahaifiyarta ta taƙaita wa maƙwabta abin da cewa Auta dafa dutse take yi, sai ya nuna za a ba ta takardar.

Duwatsu ba su taɓa ba ta wahala ba. Wahalarta iyayen gida biyu da aka ɗora mata, da dokar da ta ce ba za ta canja ko ƙusa ɗaya a jikin tankin ba sai dukansu sun yarda.

Na farko Farfesa, mai duba aikinta a jami'a. Dogo ne siriri, kullum hannun rigarsa fari fat da alli, da tabarau ɗaya a kan hanci ɗaya a tsakar ka, yana kuma neman na uku a cikin takardu. Na biyu Injiniya, babban injiniyan masana'antar, gajere kakkaura mai ɗaura taye a ƙarƙashin rigar aiki. Shekarun da ya yi yana magana a tsakiyar ƙarar injina sun sa ko gaisuwa zai yi sai a ɗauka faɗa ne. Sau ɗaya mutanen biyu suka taɓa haɗuwa, ranar da aka ƙulla yarjejeniya, kuma kowa ya koma gida da tabbacin cewa ɗayan bai san komai ba.

A watanninta na farko ta gano abin da ke damun tankin. In aka cika shi da ƙananan duwatsu suna kama zafi da kyau, amma suna toshe wa iska hanya, fankar da ke hura iskar ta yi ta nishi tana shan wuta. In aka sa manya iska ta wuce salin-alin, zafin ma ya bi ta ya fice. Sai ta yi tunanin a shimfiɗa su hawa-hawa, manya a inda iska take shiga, ƙanana can ciki. Ta kwana uku tana lissafi, lissafi ya fita. Ta ɗauka da murnarta ta hau bene wajen Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ina ganin in aka jera duwatsun hawa-hawa..."

"Kina gani?" ya ce, bai ko ɗago ba. "Yarinya, ba a fara gani a shekarar farko. Je ki karanta abin da waɗanda suka riga ki suka gani."

Ta sauko, ta hau bas biyu zuwa masana'anta, ta sami Injiniya yana leƙen cikin wani inji.

"Yallaɓai, da ma wata shawara ce a kan duwatsun."

"Mai Duwatsu, nan ba aji ba ne! Zuba su yadda aka ce ki zuba, ki auna, ki rubuta!"

Ranar ta koma gida zuciyarta a jagule, ta zauna a falo ko takalmi ba ta cire ba. Fankar sama ta falon ta fi wata tana tsaye, mahaifiyarta ta yi magana har ta gaji, mahaifinta kullum sai ya ce gobe. Yana zaune yana sauraren rediyo sai uwar ta shigo da shayi, ta ajiye masa, ta ce kamar da bango take magana:

"Af, Malam, ƙaninka ya leƙo ɗazu. Ya ce a bar masa fankar nan, wai idonka ba zai ga wayoyin ba yanzu, kuma hawa tsani ya wuce shekarunka."

Rediyo ya mutu nan take. Kafin shayin ya huce tsoho yana kan tsani da sukundireba a baki, yana faɗin yadda shi ya koya wa ƙanin nasa ɗaura ƙwan fitila. Mai Duwatsu ta bi uwar zuwa kicin.

"Mama, yaushe Baffa ya zo?"

"Rabona da shi tun watan jiya," uwar ta ce, tana ɗauraye kofi. "Miƙo min tawul ɗin can."

Fanka ta fara juyawa a falo, ita kuma Mai Duwatsu ta tsaya da tawul a hannu tana kallon uwarta kamar yau ta fara ganinta.

Washegari ta koma ofishin Farfesa da fuskar tausayi, ta rusuna ta gaishe shi, ta yi ɗan jim.

"Ranka ya daɗe, wata magana na ji a masana'anta, ban ji daɗinta ba. Wani ya ambaci jera duwatsu hawa-hawa, sai Injiniya ya ce ai wannan ba zai taɓa yiwuwa ba, kuma duk jami'ar nan ba wanda zai iya lissafinsa."

Farfesa ya sauke tabarau na tsakar ka ya ɗora a kan na hanci, ya dube ta ta cikin biyun.

"Shi ya faɗi haka?"

"Ni dai a bakinsa na ji, ranka ya daɗe."

Ya miƙe ya nufi allo. Ya cika shi da lissafi, ya goge da hannun riga, ya sake cikawa, ita tana gefe tana ɗan tari a duk inda ya kauce hanya, har ya iso daidai inda ta iso a kwana ukunta. Ya jefar da alli ya ce da ma abin nan ya daɗe yana masa yawo a kai, ta je ta jera su hawa-hawa, yana so ya ga wanda zai hana.

Da rana ta sami Injiniya.

"Yallaɓai, Farfesa ya ce jera duwatsu hawa-hawa abu ne mai kyau a takarda, amma wai masana'anta irin wannan ba ta da hannun da zai iya haɗa shi."

Injiniya ya yi wata ƙara da ta sa mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya waiwayo. Kafin a tashi aiki an kawo rariya iri uku ta tace duwatsu, Injiniya da kansa yana tsaye a kan tankin, taye a kafaɗa, yana gaya wa kowa cewa tun yana ƙaramin ma'aikaci yake da wannan tunanin, lokaci ne bai samu ba. Da aka kunna, fanka ta daina nishi, zafi ya zauna a cikin duwatsu kamar an ɗaure shi.

To, wanda ya ɗanɗana irin wannan ba ya komawa roƙo. Da ta lura cewa fasassun bulon da ake cirewa daga cikin tanderu ana zubarwa sun fi duwatsun da ake sayowa riƙe zafi, ba ta ɓata bakinta ba. Ta gaya wa Farfesa cewa Injiniya ya ce shara ce, ta gaya wa Injiniya cewa Farfesa ya ce mai hankali ba zai gwada ba. Cikin mako guda bulo ya shiga tanki da albarkar mutum biyu, kowa yana bugun ƙirji.

Sai dai maganin da aka saba sha yakan daina ci. Da tafiya ta yi nisa, "ya ce ba zai yiwu ba" kaɗai ta daina tayar da su daga kujera, dole ta riƙa ƙara gishiri. A haka ne Farfesa ya sami labarin cewa a masana'anta Mai Alli ake kiransa. A haka ne Injiniya ya ji cewa a jami'a sunansa Bakanike Mai Taye. Wannan na biyun a cikin bas ta ƙirƙiro shi, ta yi ta dariya ita kaɗai har matar da ke kusa da ita ta matsa. Duk lokacin da aka sa ranar da za su zauna su uku, sai ta gaya wa kowa cewa ɗayan ya ce ba shi da lokacinsa, kowa ya ce to shi ma haka. Shekara uku tana wannan safarar, tanki yana ta kyau, kundinta yana ta kauri, kuma gaskiya ko sau ɗaya abin bai hana ta barci ba.

Ana nan sai lokacin gwaji na ƙarshe ya zo, wanda za a haɗa tankin da bututun tanderu na gaske. Kafin nan dole kwamitin manyan digiri ya zauna da ɗaliba da iyayen gidanta biyu, a ɗaki ɗaya, ya tabbatar aikin ya kai a ba shi digiri, sannan su biyun su sa hannu. Ta gwada tsohuwar dabara, sakataren kwamiti ya ce wanda bai zo ba a jira shi, ko da shekara ne. Ta kai kuka wajen uwarta.

"Ɗaki ɗaya?" uwar ta ce, ta dafe ƙirji. "Ke Auta, ni da kike gani ban taɓa barin babanki da ƙaninsa su zauna su kaɗai ba, ko ruwa zan ɗebo sai na bar ƙofa a buɗe. Wa ya ce ki yi da mutanen da takarda za ta iya haɗa su?"

"To yanzu ya zan yi, Mama?"

"Ki sa kaya masu kyau. In za a kore ki, a kore ki fes."

Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce 'yar firit mai sanyin murya, ɗalibai suna kiranta Almakashi saboda yadda take datse kundin mutum ya koma rabi. Ta zaunar da Farfesa a dama, Injiniya a hagu, Mai Duwatsu a can ƙarshen tebur kusa da butar shayi. Mutanen biyu suka gaisa da kan yatsu. Injiniya ya gyara tayensa da gangan yana kallon Farfesa, Farfesa ya kaɗe alli daga hannun rigarsa da gangan yana kallon Injiniya. Mai Duwatsu kuwa tana jiran wanda zai fara ambaton sunan da aka ce an sa masa.

Ba ta nan abin ya ɓullo ba. Almakashi ta buɗe kundin, ta ce aiki ya yi kyau ƙwarai, tana da 'yar tambaya ɗaya kawai.

"Jera duwatsu hawa-hawa, tunanin wa ne?"

"Nawa," in ji Farfesa.

"Nawa ne!" in ji Injiniya, har kofuna suka yi ƙara.

Farfesa ya ce a kan allonsa aka haifi abin, yana iya nuna kusurwar da ya fara rubutawa. Injiniya ya ce shi ya tsaya a kan tanki da rariya a hannu, lokacin da wasu suke cewa ba za a iya ba. Almakashi ta bar su suka yi mai isarsu, sannan ta yi tambaya a kan fasassun bulo. Nan ma kowa ya ce nasa ne, kowa da ranarsa da shaidunsa. Da farko Mai Duwatsu har ta ji sanyi, tunda faɗan bai biyo ta kanta ba. Amma da ta ji suna yanka aikinta gunduwa-gunduwa suna rabawa, kwana ukunta na lissafi, ƙunar da bulo ya yi mata a tafin hannu, duk ba wanda ya ko waiwayo inda take, sai sanyin ya gushe. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Almakashi ta rufe kundin a hankali.

"To na ji. Wannan na Farfesa ne ko na Injiniya, wancan ma haka, ku sasanta a tsakaninku. Ita ɗalibar fa, me ta yi? Dako?" Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku gafarce ni, digirin nan ba na dakon duwatsu ba ne. Sai mutum ya zo da abin da ya fito daga kansa. In babu nata a ciki, ba zan bari ta je gwajin ƙarshe ba. Mu sha iska kaɗan, mu dawo mu rufe magana."

Farfesa ya fita ya tsaya a bakin tagar baranda, ya juya wa duniya baya. Injiniya ya sauka ƙasan bene yana yi wa wani ihu a waya. Mai Duwatsu ta zauna ita da Almakashi da butar shayi. Ta ga dai in ta yi shiru shekara uku sun tafi, in ta yi magana kuma mai yiwuwa su tafi tare da mutuncinta. Ta taso ta durƙusa kusa da kujerar dattijuwar ta zayyana mata komai, tun daga fankar falo har Bakanike Mai Taye.

Almakashi ta saurara ba ta ko ƙifta ido ba, sai dai a wajen taye gefen bakinta ya ɗan motsa.

"Labari mai daɗi," ta ce. "Amma 'yata, duk ɗalibin da ruwa ya ƙare wa yakan zo min da labari. Su biyu sun tuna ranar da tunanin ya zo musu, ke kaɗai kike cewa ke kika sa musu shi. Ke 'yar kimiyya ce. Abin da aka yi sau ɗaya ba a iya maimaita shi ba, me ake kiransa?"

"Ba a kiransa komai, ranki ya daɗe."

"To maimaita min. Kina da wani tunani da ba ki kai musu ba tukuna?"

Akwai. Ta daɗe tana ajiye shi sai gwajin ƙarshe ya matso. Ta bayyana mata cewa in rabin tankin na sama ya gama ɗaukar zafi, ba amfanin a ci gaba da tura iska ta cikinsa, wahalar da fanka ne kawai. A huda ƙofa a kugun tankin, iska ta riƙa shiga ta nan kai tsaye zuwa duwatsun da ba su yi zafi ba. Almakashi ta yi mata tambayoyi masu kaifi, ta amsa ba gargada, har da zane a bayan murfin kundin. Dattijuwar ta ɗauki kofinta ta ce ita za ta je shan iska a baranda, kuma kunnenta lafiya lau yake.

Mai Duwatsu ta goge fuska, ta ɗauro fuskar tausayin nan da ta sha aiki, ta sami Farfesa a bakin taga.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da abin da ya faru. Yanzu ma da zai sauka na ji yana cewa wai ƙofa a kugun tanki, don iska ta tsallake duwatsun sama, abu ne da Mai Alli ba zai taɓa hango shi ba."

Kunnuwan Farfesa suka motsa. Ya laluba aljihu ya fito da guntun alli, ya fara zane a kan dakalin taga. Ta bar shi a nan ta sauka ƙasa, Almakashi tana biye a hankali kamar mai duba fentin bango.

"Yallaɓai, ka ga mutumin nan ko? Wai ƙofa a kugun tanki ita ce gyaran da ya rage, amma bakanike ba zai iya huda ta ba tare da ya rusa tankin ba."

Injiniya ya kashe wayar ba sallama.

Da aka koma ɗaki, Almakashi ba ta gama zama ba Farfesa ya ɗaga yatsa ya ce kafin a rufe magana, yana da wani sabon tunani da ya zo masa yanzun nan a bakin taga, wanda zai nuna wa kowa inda tunani yake fitowa. Injiniya ya ce a dakata, shi ma yana da nasa, kuma tun a mota yake juya shi. Almakashi ta ce to su faɗa tare, kada a ce ta fifita wani.

"Ƙofa a kugun tanki," suka ce, baki ɗaya.

Suka juya suka kalli juna. Almakashi ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa, ta yi dariya har da hawaye, abin da sakataren kwamiti ya ce bai taɓa gani ba tun da ya fara aiki. Da ta samu numfashi sai ta juya kundin ta nuna musu zanen da ke bayan murfi, ta ce an yi shi tun shayinsu bai huce ba. Ta dubi Mai Duwatsu ta ce ta faɗa musu da bakinta.

Ta faɗa, a tsaye, idonta a kan butar shayi.

Farfesa ne ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kenan bai taɓa cewa jami'ar nan ba mai iya lissafi ba?"

"Bai taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Ni kuma bai ce min Bakanike Mai Taye ba?" in ji Injiniya.

"Ni na haɗa shi, yallaɓai. A bas."

"Mai Alli fa?" Farfesa ya tambaya.

Ta buɗe baki za ta amsa, Injiniya ya yi gyaran murya ya ce a bar yarinya da wannan, don gaskiya shi kam ya taɓa faɗa, sau ɗaya ko biyu.

Ba wanda ya yi dariya sai Almakashi. Farfesa ya cire tabarau duka biyun ya ajiye, sai fuskarsa ta koma ta tsoho mai gajiya. Ya ce shekara uku yana kwana da haushin mutumin da bai yi masa komai ba, yana kuma alfahari da tunanin da ba nasa ba, har ya faɗa a gaban ɗalibai. Wannan ya fi zagi yi wa Mai Duwatsu ciwo, ta ji da ma ƙasa ta tsage. Ya tattara tabaransa ya fita. Injiniya ya dube ta sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya bi bayansa.

"Ni na gamsu aikin naki ne," Almakashi ta ce, tana share ido. Ta tura mata takardar izinin gwaji. "Amma hannun da za a sa a nan nasu ne, ba nawa ba. Je ki nema."

Mai Duwatsu ta same su a wurin ajiye motoci, a ƙarƙashin wata bishiya, sun jingina da motar Injiniya kafaɗa da kafaɗa suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka hango ta suka yi shiru, kowa ya ɗaure fuska. Ta rage tafiya. Duk dabararta ta mutum biyu ce a wuri biyu, yau ga su a inuwa ɗaya, ba na ukun da za ta ce shi ya ce. Ta tsaya a gabansu da takarda a hannu, ta ba su haƙuri, haƙuri na gaske. Sannan ta ce tana roƙon su sa hannu a yi gwajin, da ƙofar a kugun tanki.

Farfesa ya dubi Injiniya, Injiniya ya dubi reshen bishiya.

"Mun tattauna," Farfesa ya ce a sanyaye. "Ƙofar nan ba za ta yi ba. Lissafinta ya fi ƙarfin ɗaliba."

"Ko an huda ma tankin zai tsage!" in ji Injiniya. "Wannan ba aikin yara ba ne. A bar shi kawai."

Wani zafi ya taso mata tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Ta manta da haƙurin da ta bayar, ta manta da rusunawa, ta manta a gaban wa take. Ta ce wane lissafi ne ya fi ƙarfinta, ita da ta yi shi sau ba adadi? Ta tsuguna ta ɗauki tsinke ta zana tankin a ƙasa, ta nuna inda za a huda, da kaurin ƙarfen da za a yi wa ƙofar ɗamara da shi, da yadda fanka za ta huta. Ta faɗa wa Farfesa inda zai yi kuskure in ya gwada lissafin, ta faɗa wa Injiniya irin waldar da za a yi da wanda zai yi ta. Muryarta ta kai har ɗalibai suka fara leƙowa ta tagogi.

"Tankina ne, na fi kowa saninsa!" ta ce, ta miƙe tana huci. "Wallahi sai ta yi, ko kun yarda ko ba ku yarda ba!"

Sai da maganar ta gama fita daga bakinta sannan ta lura. Injiniya ya cije leɓe, cikinsa yana rawa a ƙarƙashin taye. Farfesa kuwa tun tana tsakiyar zane ya cire murfin alƙalaminsa, yana riƙe da shi a bayansa.

"Lallai abin yana aiki," Injiniya ya ce wa Farfesa. "Dubi yadda ta tashi."

Farfesa ya karɓi takardar daga hannunta, ya shimfiɗa a kan motar, ya sa hannu, ya miƙa wa Injiniya alƙalamin. Sannan ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya gyara tabarau a kan zanen da ke ƙasa.

"Zo nan, 'yata," ya ce. "Wannan wurin da kika ce zan yi kuskure, sake nuna min. A hankali, don ban gane ba."